Gajimaren sirus da lissafin ɗumamar duniya

Idan sama ta yi garau, ka ɗaga kai ka hango wasu fararen zare-zare can ƙololuwa, kamar audugar da aka shiɓe aka watsar, rana kuma tana ratsa su ba tare da ta rage ƙarfi ba, to sirus kake kallo. Babu ɗigon ruwa a cikinsa, ƙanƙara ce zalla. Wani Bature mai haɗa magunguna, Luke Howard, shi ya raɗa masa sunan a laccar da ya gabatar a Landan a 1802, daga kalmar Latin mai nufin murɗaɗɗen gashi. A yankuna masu matsakaicin yanayi yana zama tsakanin kilomita 5 zuwa 13 daga ƙasa, a yankunan zafi na tsakiyar duniya kuwa yakan kai kilomita 18. Zoben nan da akan gani kewaye da rana ko wata, mai tazarar digiri 22, aikin danginsa ne: haske ne ke lanƙwasa yayin da ya ratsa ƙwayoyin ƙanƙara masu gefe shida.

Kowane gajimare aiki biyu yake yi a lokaci guda. Yana mayar da wani kaso na hasken rana sararin samaniya kafin ya iso ƙasa, yana kuma tare zafin da ƙasa da teku ke fitarwa sama, irin wanda ido ba ya gani. Na farko sanyaya duniya yake yi, na biyu ɗumama ta. A wurin gizagizan ƙasa-ƙasa masu kauri, irin waɗanda ke shimfiɗe a kan tekuna, aikin farko ne ke rinjaye, domin daga sama farare ne fat, kuma zafin jikinsu bai yi nisa da na tekun da ke ƙarƙashinsu ba. In aka haɗa gizagizan duniya gaba ɗaya, suna sanyaya ta da wajen wat 20 a kowane murabba'in mita. Sirus ne ya fita zakka.

Ga lissafin. Teku mai zafin digiri 27 yana fitar da kusan wat 460 a murabba'in mita. Tururin ruwa da iskar kabon suna riƙe wani kaso, abin da ke tserewa sararin samaniya in babu gajimare bai fi wat 280 zuwa 290 ba. To a ce sirus mai sanyin digiri 55 ƙasa da sifili ya shiga tsakani, kuma kaurinsa ya isa ya shanye duk zafin da ke tasowa. Abin da shi zai iya fitarwa sama wat 128 ne kacal, saboda abu mai sanyi kaɗan yake fitarwa. Bambancin ya maƙale a ƙasa. Hasken rana kuwa mafi yawansa wucewa yake yi, da dare ma babu hasken da za a mayar, sai tare zafi kawai. Masana na auna yadda gajimare ke tare haske da wata lamba. Wanda lambarsa ba ta kai 0.03 ba ido ba ya ganinsa sam, alhali yana nan. Daga nan har zuwa wajen 4 ko 5 ɗumamawa ce ke rinjaye, sai ya wuce haka ya yi kauri sosai sannan ya koma mai sanyayawa. Ƙiyasin da aka samu daga taurarin ɗan adam da manhajojin kwaikwayon yanayi ya nuna gizagizan ƙanƙara na ɗumama duniya da wajen wat 5 a murabba'in mita. Ninka iskar kabon da ke sama sau biyu wat 3.9 yake ƙarawa.

Kada a ɗauki wat 5 ɗin nan a matsayin sabon zafi. Tun fil azal yana cikin daidaiton duniya. Tambayar masu bincike ita ce yadda zai sauya idan duniya ta ƙara ɗumi, ko idan mutane suka sauya abin da ke shawagi a sama. Amsar kuma ta rataya a kan wani abu ɗan mitsitsi, wato yawan ƙwayoyin ƙanƙara a cikin lita ɗaya ta iska.

Dalili kuwa, a ce nauyin ƙanƙarar da ke cikin gizagizai biyu ɗaya ne, amma a na biyu an rarraba ta zuwa ƙwayoyi ninki 1,000 na na farko. Kowace ƙwaya za ta zama kashi ɗaya cikin goma a faɗi, jimillar fuskar da ke tare haske da zafi kuma ta ninka sau 10. Sannan ga maganar faɗowa. Ƙwaya mai faɗin maikiron 20 (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), wato ƙasa da sulusin kaurin silin gashi, tana saukowa da gudun wajen santimita 1 a daƙiƙa, sai ta yi fiye da kwana guda kafin ta sauko kilomita ɗaya. Wadda ta kai maikiron 200 zuwa 300 takan yi santimita 30 zuwa 50 a daƙiƙa, ba ta cika awa ɗaya ba ta gama wannan tafiya ta shiga busasshiyar iska ta ɓace. Zare-zaren da ke saukowa daga jikin sirus kamar jelar doki su ne waɗannan manyan ƙwayoyin a kan hanyarsu ta faɗuwa. Gajimaren ƙananan ƙwayoyi ya fi tare zafi, ya fi daɗewa, ya fi yaɗuwa.

Me ke yanke yawan ƙwayoyin? Hanyar da ƙanƙarar ta bi ta samu, hanyoyin kuma biyu ne.

Ruwa ba dole ne ya daskare a digiri sifili ba. Ɗigo tsaftatacce da bai sami abin jingina ba yana iya zama ruwa har wajen digiri 38 ƙasa da sifili. Can sama akwai ɗige-ɗige masu ɗimbin yawa, yawancinsu ruwa ne gauraye da sinadarin sulfa, ba su kai maikiron ɗaya ba, gommai zuwa ɗaruruwa a kowane mililita na iska. Waɗannan ba sa daskarewa da kansu sai iska ta ƙoshi da tururi ta wuce ƙima. In an ce ƙoshi ya kai kashi 100 cikin ɗari, ana nufin ƙanƙara za ta iya zama ba ta ƙaruwa ba ta raguwa. Daskarewar kai-da-kai kuwa sai ƙoshi ya kai kashi 145 zuwa 165, gwargwadon tsananin sanyi. Thomas Koop da abokan aikinsa sun nuna a 2000 cewa wannan iyaka ba ta damu da irin sinadarin da ke narke a ɗigon ba, yawan ruwan da ya tsotsa ne ke yanke hukunci. Da zarar an kai iyakar, ɗige-ɗige da yawa ke daskarewa kusan lokaci ɗaya, a sami ɗaruruwa ko dubban ƙwayoyi a lita, suna wawason tururi ɗan kaɗan, babu wadda za ta yi girma.

Hanya ta biyu ita ce a sami iri, wato wata ƙwaya mai tauri, galibi ƙurar hamada, wadda ƙanƙara za ta kama jikinta ta fara ginuwa. Wannan ba ya jiran ƙoshi ya kai 150, tun daga wajen 110 zuwa 130 yake farawa. Amma irin nan ba shi da yawa, 'yan ƙwayoyi ne zuwa gommai a lita. Su kaɗan ne, abinci kuma ya wadata, sai su yi ƙiba da sauri su faɗo. Abin da ya fi haka, suna shanye tururin tun kafin ƙoshi ya kai inda sauran ɗige-ɗigen za su daskare. Wanda ya riga ka barci zai riga ka tashi.

Mai raba gardama tsakanin hanyoyin biyu shi ne saurin tashin iska. Iska mai hawa sama tana yin sanyi da kusan digiri 1 a kowane mita 100, kuma ana buƙatar sanyin digiri 3 zuwa 4 kafin ƙoshi ya tashi daga 100 zuwa 150, wato hawan mita 300 zuwa 400. In iskar na tafiyar santimita 5 a daƙiƙa, sai ta yi wajen awa biyu a hanya, 'yan ƙwayoyin da suka kama ƙura suna da isasshen lokacin shanye tururi. In kuwa mita 1 take yi a daƙiƙa, kamar yadda yake faruwa idan iska ta haye tsaunuka ta yi igiyoyi, ko kusa da hadari, cikin minti biyar ko shida an kai iyaka, ƙura ba ta tsare komai ba. Nan ne manhajojin kwaikwayon yanayi ke tuntuɓe. Suna raba sararin duniya gida-gida, kowane gida faɗinsa kilomita 50 zuwa 100, igiyoyin iskar da ke yanke wannan hukunci kuwa sau da yawa sun fi gidan ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Dole a yi ƙiyasinsu da wata dabarar lissafi. Gudun faɗowar ƙanƙara ma yana cikin lambobin da masu haɗa manhaja ke murɗawa don sakamako ya yi daidai da abin da taurari suka auna, kuma an ga cewa murɗa shi kaɗai yana sauya yawan ɗumamar da manhaja ke hasashe.

Wace hanya ta fi yawa a zahiri? Shekaru da dama an ɗauka daskarewar kai-da-kai ce, tunda ɗige-ɗigen sulfa suna ko'ina. A 2013 Daniel Cziczo na jami'ar MIT da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon da ya girgiza wannan zato. Sun yi amfani da jiragen NASA masu tashi can sama, suka kamo ƙwayoyin ƙanƙara daga cikin sirus a sararin Amurka ta Arewa da ta Tsakiya, suka busar da ƙanƙarar, suka harbi abin da ya rage da hasken leza don gane sinadarinsa ɗaya bayan ɗaya. Mafi yawan abin da suka tarar ƙurar ƙasa ce da ɓurɓushin ƙarfe. Baƙin hayaƙi da ƙwayoyin halittu kaɗan ne ƙwarai. Wani bincike na 2022 ƙarƙashin Karl Froyd, da ya auna ƙura a saman tekunan Fasifik da Atilantika, ya ƙarfafa matsayin ƙura, ya kuma nuna cewa ko da yake Sahara ta fi kowace hamada tayar da ƙura, hamadun tsakiyar Asiya suna da rabo babba a abin da ke kaiwa tsayin sirus. Duk da haka maganar ba ta mutu ba, domin a kan tsaunuka da sararin kudancin duniya mai ƙarancin ƙura akwai alamun daskarewar kai-da-kai sosai. Masu bincike a Jamus, irin su Martina Krämer, sun ƙara raba sirus gida biyu, wanda ya samu a can sama kai tsaye daga tururi, da wanda asalinsa ɗigon ruwa ne da ya daskare a ƙasa-ƙasa iska ta ɗauko shi sama, na biyun ya fi kauri. A Karlsruhe kuma akwai wani ɗakin gwaji mai suna AIDA, cikinsa na cin wajen lita 84,000, ana sanyaya shi har digiri 90 ƙasa da sifili, a zuƙe iska don kwaikwayon hawa sama, a ga irin ƙurar da ke kama ƙanƙara da lokacin da take kamawa.

Ƙirga ƙwayoyin ma ba a tsira daga kuskure ba, kuma labarin kuskuren ya cancanci a tsaya a kansa. Na'urar ƙirga tana maƙale ne a ƙarƙashin fiffiken jirgi, da hannaye biyu a gaba, hasken leza na ratsa tsakaninsu, duk ƙwayar da ta gitta a ƙirga ta. Jirgin yana gudun wajen mita 200 a daƙiƙa. Babbar ƙwaya ɗaya in ta bugi bakin hannun nan sai ta tarwatse gutsi-gutsi, ɗaruruwan gutsattsari su bi iska su gitta hasken, na'ura ta rubuta su a matsayin ƙananan ƙwayoyi na asali. Alexei Korolev da abokan aikinsa a Kanada sun ɗauki wannan fashewa a bidiyo mai saurin gaske, suka nuna a 2011 cewa a gizagizai masu manyan ƙwayoyi ƙirgen ƙanana na iya kumbura ninki goma ko fiye. Maganin da aka yi iri biyu ne. An fiƙe bakin hannayen aka karkata su yadda gutsattsarin za su watse waje, sannan ana duba lokacin isowar kowace ƙwaya, in tarin ƙwayoyi sun iso a cunkushe cikin ƙiftawar ido a san ɓaraguzai ne a zubar. Matsalar ita ce bayanan shekaru da yawa kafin gyaran sun riga sun shiga cikin dabarun lissafin manhajoji.

Daga sama kuma, taurarin CALIPSO da CloudSat da aka harba tare a Afrilun 2006 sun nuna gajimare a tsaye, daga samansa zuwa ƙasansa. Na farko hasken leza yake harbowa, yana ganin sirus ɗin da ido ba ya gani, amma in gajimare ya yi kauri hasken ya mutu a ciki. Na biyu rada ce, tana huda mai kauri, sai dai ƙananan ƙwayoyi na kuɓuce mata, domin ƙwayar da ta ninka wata sau 10 a faɗi amsarta ta ninka sau miliyan. Shi ya sa aka sa su bin juna da tazarar 'yan daƙiƙoƙi, kowa ya rufa wa ɗan'uwansa asiri. Duka biyun sun daina aiki a 2023. A Mayun 2024 hukumomin sararin samaniya na Turai da Japan suka harba EarthCARE, mai ɗauke da leza da rada a jiki ɗaya, radarsa kuma tana auna gudun hawa da saukar ƙwayoyi a cikin gajimare, wato lambar nan da aka daɗe ana murɗawa da ka.

Game da yadda sirus zai amsa ɗumamar duniya, abu ɗaya ya tabbata fiye da sauran. A yankunan zafi, yawancin sirus daga kan hadari yake fitowa, inda saman hadarin ya baje ya yi siffar uwar maƙera. Dennis Hartmann da Kristin Larson sun kawo hujja a 2002 cewa ma'aunin sanyi ne ke yanke inda hadari zai baje, domin a nan ne iska ta yi sanyin da ba ta iya riƙe tururi. In duniya ta ɗumama, wannan matakin sanyi zai matsa sama, gajimaren ya bi shi. Ƙasa na ƙara zafi, mayafinta na nan da sanyinsa yana fitar da kusan abin da ya saba, saboda haka zafin da ke maƙalewa ya ƙaru. Rahoton 2021 na IPCC, kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, ya sa wannan a wajen wat 0.22 a murabba'in mita ga kowane digiri na ɗumama, ya kuma ce yana da ƙwarin gwiwa a kai.

Faɗin gajimaren ne ba a daidaita ba. A 2001 Richard Lindzen da abokan aikinsa biyu suka ce sirus na yammacin Fasifik yana raguwa da kashi 22 cikin ɗari duk lokacin da teku ya ƙara digiri ɗaya, kamar ƙwayar ido mai buɗewa, zafi ya samu ƙofar fita, ɗumamar duniya ta yi sauƙi. Masu musun sauyin yanayi sun rungumi wannan hannu bibbiyu. Suka kuwa ta biyo baya nan da nan. Wasu sun nuna alaƙar da ya gani ta samo asali ne daga gizagizan da ba su da haɗi da hadarin tsakiyar duniya, wasu kuma suka auna da tauraro suka ga gizagizan sun fi yadda ya ɗauka haske, don haka in sun janye, rana ce za ta ƙara shigowa. Wannan batu na biyu shi ne ƙashin bayan maganar. Uwar maƙera tana da tsakiya mai kauri mai sanyayawa da gefe siriri mai ɗumamawa, in an haɗa su kusan sifili ake samu. Abin da jimillarsa sifili ce, raguwar faɗinsa ba ta sauya lissafi sosai. Akwai alamun cewa faɗin zai ɗan ragu da gaske, amma bincike-binciken da suka fito a 2024 sun karkata ga cewa tasirin hakan kaɗan ne, kuma in ɓangaren mai kauri ne ya fi raguwa, to ƙarin ɗumama za a samu. Wanda ke jiran sirus ya ceci duniya bai da madogara a abin da aka auna.

Haka nan shawarar rage kaurinsa da gangan, wadda David Mitchell da William Finnegan suka kawo a 2009. Dabarar ita ce a watsa iri na roba, sun ambaci wani haɗin bismut da aidin, don hanya ta biyu ta rinjayi ta farko, ƙwayoyi su zama kaɗan manya su faɗo da wuri, zafi ya tsere. A takarda abin ya yi kyau, musamman a lokacin sanyi kusa da ƙuryar arewa inda rana ba ta fitowa. Amma yana aiki ne kawai inda daskarewar kai-da-kai ke mulki, in ƙura ta riga ta yi aikin babu abin da za a gyara. In iri ya yi yawa kuma, ƙwayoyin sai su fi na da yawa, a samu akasin abin da ake nema. Ga kuma faffaɗan sarari mai ƙoshi da tururi wanda babu gajimare a cikinsa don rashin iri kawai, zuba masa iri ƙirƙirar sabon sirus ne. Manhajoji sun saɓa a kan sakamakon, wata ta nuna sanyi mai yawa, wata ta nuna kusan babu komai.

Ai mutane sun daɗe suna ƙirƙirar sirus ba da niyya ba. Kowane kilo na man jirgin sama da aka ƙona yana fitar da wajen kilo 1.24 na tururin ruwa da kilo 3.16 na iskar kabon, tare da ƙwayoyin baƙin hayaƙi masu ɗimbin yawa. Hayaƙi mai zafi da laima ya haɗu da iska mai sanyin digiri 40 ƙasa da sifili ko fiye, ɗige-ɗige su taru a kan baƙin hayaƙin su daskare, farin layin nan ya bayyana a bayan jirgi. Ernst Schmidt a 1941 da Herbert Appleman a 1953 ne suka tsara sharaɗin samuwarsa. In iskar busasshiya ce, layin yana gogewa cikin daƙiƙoƙi ko 'yan mintoci, ba ruwan yanayi da shi. In ta ƙoshi fiye da kashi 100, sai ya zauna, ya ci tururin da ke wurin, iska ta baje shi har ya zama ba a bambanta shi da sirus na asali. David Lee da abokan aikinsa sun ƙiyasta cewa a 2018 wannan sawun jirage ya ɗumama duniya da miliwat 57 a murabba'in mita (miliwat ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na wat), duk iskar kabon da jirage suka tara tun 1940 kuwa miliwat 34, ko da yake tazarar shakka a lambar farko tana da faɗi sosai. Labarin da ake yawan maimaitawa, cewa bambancin zafin rana da dare ya ƙaru a Amurka cikin kwana uku da aka hana jirage tashi a Satumban 2001, ba hujja ce mai ƙarfi ba, domin binciken da ya biyo baya ya nuna yanayin gizagizan waɗannan ranaku ya isa ya bayyana shi.

A nan ne ilmin ya fi kusa da amfani, saboda ɓarnar a tattare take. Wani nazari na 2020 a kan sararin Japan ya gano kusan kashi 2 cikin ɗari na jirage ne ke haddasa kashi 80 na ɗumamar sawu, galibi waɗanda sawunsu ke kaiwa dare. Yankunan iska mai ƙoshi kuma faffaɗa ne amma sirara, kaurinsu 'yan ɗaruruwan mita, hawa ko saukar ƙafa 2,000 kan isa jirgi ya kauce musu. A gwajin da Google da American Airlines suka yi a 2023 da tafiye-tafiye 70, sawu ya ragu da kashi 54, jiragen da suka kauce kuma suka ƙara shan mai da wajen kashi 2. Man da ke da ƙarancin sinadaran da ke haifar da baƙin hayaƙi ma yana taimakawa, gwajin da cibiyar binciken jiragen sama ta Jamus ta yi tare da NASA ya nuna ƙwayoyin ƙanƙara sun ragu da kashi 50 zuwa 70. Tun Janairun 2025 Tarayyar Turai ta wajabta wa kamfanonin jirage sa ido da kai rahoto a kan irin wannan tasiri.

Cikas ɗin yana wurin hasashen laima. Sawu awanni yake yi, iskar kabon ƙarnuka, don haka jirgin da ya sauya hanya ya ƙona ƙarin mai don kauce wa yankin da ashe babu shi ya yi asara biyu. Na'urorin laima da ake ɗaura wa balan-balan na auna yanayi suna yin nawa a sanyin digiri 50 ƙasa da sifili, sukan wuce siririn yanki mai ƙoshi kafin su amsa. Manhajojin hasashe da dama kuma an gina su ne a kan cewa duk tururin da ya wuce kashi 100 nan take yake zama gajimare, cibiyar hasashe ta Turai sai a 2006 ta fara barin ƙoshi ya haura wannan iyaka. Ingantattun ma'aunan da ake gwada hasashen da su mafi yawa daga shirin IAGOS suke fitowa, wanda ya gaji wani da aka fara a 1994, inda ake maƙala na'urori a jikin jiragen fasinja, jiragen da ke ɗauke da su kuwa 'yan ƙalilan ne a cikin dubban da ke sama kowace rana.